Rumbun wuta: amfanin baturan Marwa da Gidar ga arewacin Kamaru

Duk mazaunin Garwa, Marwa ko Ngaundere ya san lokacin da wutar lantarki ta fi yi wa mutane wulaƙanci: watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya kai maƙura, ruwan madatsar Lagdo kuma ya ja baya. Wannan madatsa ta kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, ita ce ke riƙe da jihohin arewa uku tun 1982. Idan ruwanta ya yi ƙasa, sai a koma kan injinan gazuwal masu cin kuɗi, ko a shiga rabon wuta unguwa-unguwa.

Rana kam Allah Ya hore mana. Matsalarta ɗaya ce: tana faɗuwa da magariba, daidai lokacin da gidaje ke kunna fitila da fanka, ɗalibai ke buɗe littafi. Layin wuta kuwa ba ya ajiya. Abin da aka samar, nan take ake amfani da shi.

A nan batir ke shigowa. A 2023 aka ƙaddamar da tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda kamfanin Scatec ya kafa, masu ƙarfin megawat 36 a haɗe, tare da manyan batura. Aikin baturan irin na rumbu ne: a zuba lokacin yalwa, a ɗiba lokacin buƙata. In hadari ya rufe rana, wutar tashar ta faɗi farat ɗaya, batir na cike giɓin cikin ƙiftawar ido, layin bai girgiza ba. Da yamma kuma ya saki abin da ya tara. Ga wata riba: muddin rana na ɗauke da nauyi da tsakar rana, Lagdo na iya tsimin ruwanta zuwa dare.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Baturan nan, in aka sake su da dukkan ƙarfinsu, abin da za su yi bai wuce kamar awa guda ba. Kafin tela da mai niƙa da firjin asibiti su kwana da wuta, sai an ƙara batura, an kuma haɗa layin arewa da na kudancin ƙasar. Wannan shi ne abin da ya kamata mu riƙa tambayar hukuma a kai, kafin bazara ta sake zagayowa.