Gwiwa mai ciwo motsi take so

Da zarar gwiwa ta fara ƙara tana ƙagewa, shawarar da ake ba dattijo ba ta wuce "Baba, ka huta mata." Sai a ajiye masa kujera, jikoki su karɓe masa zuwa kasuwa da gona, a riƙa sayo ƙwayoyi a kemis. Niyyar mai kyau ce, amma zaman nan ƙara nakasa gwiwar yake yi.

Ciwon da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi yana zuwa ne idan guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ya zaizaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Shi guringuntsi ba jijiyar jini gare shi ba. Daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Ƙafar da ba ta motsi ta hana shi wannan. Tsokar gaban cinya kuma, wadda ke tallafe gwiwa, sai ta rame, nauyi ya koma kan gaɓar.

Shi ya sa masu gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ke farawa da cinya. Ka kwanta rigingine, ka naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, ka danne shi na daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. Sannan ka miƙe ƙafar sambal, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka sauke a hankali. Wanda ya fi amfani a ganina shi ne tashi daga kujera da komawa ba tare da dafawa ba, domin shi ne abin da mutum ke yi kullum. Tafiya a fili mai laushi, minti 10 da farko, da tuƙa keke duk suna taimakawa. Mai sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar da ke ciwo ba. Da yawa suna yin akasin haka.

Ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi ba ne. Idan ya kwana ya wuni bai lafa ba, ko gwiwar ta kumbura, a rage. Mai ƙiba kuma ya sani, duk kilo 1 da ya zubar yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Atisaye ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, kuma sai an yi makonni ana yi kafin a ga sauƙi. Amma shan ƙwayar rage zafi irin diclofenac kullum yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Wanda gwiwarsa ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi, ko take sarƙewa, ya fara ganin likita kafin ya soma.