Tafiyar lomar tuwo: Yadda ake tsara darasin narkewar abinci a waya

Narkewar abinci na cikin darussan kimiyya da ɗaliban ƙaramar sakandare ke karantawa a manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun Najeriya. Matsalar darasin ita ce aikin a ɓoye yake gudana, kuma zanen littafi ba ya motsi. Shi ya sa ɗalibai da dama ke ɗaukar cewa a tumbi kaɗai abinci ke narkewa.

Darasin da aka tsara da kyau a waya ko kwamfuta yana gyara wannan fahimta ta hanyar bin loma guda daga farko har ƙarshe. Zai nuna yadda yawu ke fara farfasa sitacin tuwo tun a baki, yadda ruwan tsami na tumbi ke kama furotin ɗin wake, da yadda ruwan matsarmama ke tarwatsa man gyaɗar da ke cikin ƙosai. Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 6, inda akasarin sinadaran gina jiki ke shiga jini, kafin babban hanji ya tsotse sauran ruwan.

Masu tsara irin wannan darasi kan fara da gano abin da ke rikita ɗalibai, su haɗa hotuna masu motsi da gajerun tambayoyi, su ba malaman kimiyya su tantance, sannan su gwada a aji su gyara.

Amfanin ya wuce cin jarrabawa. Yaron da ya san yadda hanji ke tsotsar ruwa zai gane dalilin da gudawa ke kashe ƙananan yara, da dalilin da ruwan gishiri da sukari ke ceto rai: sukarin yana taimakon hanji ya ja gishiri, ruwa kuma ya biyo shi.

A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport. Sai dai buɗe dandali daban, isar darasi aji daban. Duk wanda ke bibiyar kuɗin ilimi yana da tambayoyi uku ga hukumomin jiharsa: Shin darasin yana buɗewa babu intanet? Akwai bayani cikin harshen da ɗalibi ke ji? An horar da malamin da zai yi amfani da shi? Inda amsar ta zama a'a, na'urar da aka saya da kuɗin jama'a ƙura za ta ci gaba da sha a ofishin shugaban makaranta.