Gwajin DNA zai iya faɗa wa mutumin Rano asalin gidansu?

A 'yan shekarun nan, musu kan asali ya yi zafi a Facebook da TikTok. Wani ya ce gidansu Haɓe ne tun fil'azal, wani ya ce su Fulani ne, wani kuma ya ce daga Gabas kakanninsu suka taho. Sau da yawa musun kan ƙare da cewa a je a yi gwajin DNA kowa ya huta.

Irin wannan gwaji ya yi wa Turawa aiki wajen gano tushen sunayen gidajensu. Sai dai kafin mutumin Dawaki ko Rurum ko Kibiya ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya san abin da gwajin ke iya faɗa da inda ƙarfinsa ya ƙare.

Yadda ya yi aiki a Ailan

A jikin kowane namiji akwai ƙwayar halitta da ake kira Y, wadda yake gada daga mahaifinsa kaɗai, shi ma daga nasa mahaifin. Takan sauya kaɗan-kaɗan cikin ƙarnuka, kuma da waɗannan sauye-sauye masana ke gane mazan da suka haɗa kaka.

A ƙasar Ailan, sunan gida ma haka yake tafiya daga uba zuwa ɗa, wasu sunayen sun kai shekara 1,000. Ke nan suna da ƙwayar Y hanya ɗaya suka biyo.

A 2006, masana a jami'ar Trinity da ke Dublin sun gano cewa kusan namiji ɗaya cikin biyar a arewa maso yammacin ƙasar na ɗauke da alama iri ɗaya. Alamar ta fi yawa a gidaje irin su Gallagher da Doherty da O'Donnell, waɗanda tsofaffin littattafan nasaba suka ce tushensu ɗaya. A Tsibirin Man, da ke tsakanin Ailan da Birtaniya, an yi irin wannan aiki, aka ga wasu tsofaffin gidaje asalinsu daga arewacin Turai ne.

Sunan Bahaushe ba ya zama wuri ɗaya

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Ɗan Musa zai amsa sunan Musa, amma jikansa sunan nasa uban zai ɗauka. Wasu kuma sunan gari suke ɗauka, musamman tun daga shiga makarantar boko, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Rimi.

Wanda ake kira wane Dawaki zai iya zama ɗan Dawakin Rano, ko Dawakin Kudu, ko Dawakin Tofa. Ko a gari ɗaya, mutum goma za su amsa sunan garin alhali ba su haɗa kaka ba.

Abin da ake gada a nan shi ne sunan zuriya: Sulluɓawa, Yolawa, Dambazawa, Wangarawa, Sharifai, Agalawa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji maƙwabciyar Rano, daga Agalawa ya fito, fatake da suka shahara da cinikin goro zuwa Gwanja.

A nan ne gwajin zai iya amfani. Idan maza daga gidaje biyu, ɗaya a Rano ɗaya a Tarai, suna cewa kakansu ɗaya ta wajen uba, gwajin Y zai nuna ko jinin ya yarda da zancen.

Batun Bayajida

Rano na cikin Hausa Bakwai. Labarin gargajiya ya ce Zamna Kogi, ɗan Bawo jikan Bayajida, shi ne sarkinta na farko, kuma har yau ana yi wa sarkin Rano kirari da Autan Bawo.

Gwaji ba zai tabbatar da wannan labari ko ya ƙaryata shi ba, domin babu wani abu daga jikin Bayajida da za a gwada da shi. Iyakar abin da zai nuna shi ne ko mazan da ke raye yau sun haɗa tushe.

Binciken da aka yi kan Hausawa ma bai da yawa. Wani da aka wallafa a 2008 ya gwada Hausawa 32 mazauna Sudan, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 na ɗauke da reshen da ake kira R1b. A 2010 wani binciken ya nuna wani ɓangare na reshen, mai suna V88, ya yi yawa a tsakanin masu harsunan dangin Hausa a yankin Tafkin Chadi. Amma wannan reshe ya shafe dubban shekaru, ya girmi Daura da Kano da Rano, kuma ana samun sa a wasu ƙabilun.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi. Idan mutum ya ƙirga baya hawa goma, yana da gurbin kakanni 1,024. Ƙwayar Y labarin mutum ɗaya kawai take bayarwa a cikinsu. A yankin da Haɓe da Fulani da Barebari da Buzaye suka daɗe suna auratayya, takardar gwaji ba za ta iya yanke wa mutum ƙabila ba.

Abin da ka iya biyo baya

Gwajin da aka yi don sha'awar tarihi kan tono abin da ba a nema ba. Idan 'yan'uwa biyu suka yi, sakamako ya saɓa, zargi zai faɗa kan iyaye mata, wasu ma sun daɗe da rasuwa.

A shari'ar Musulunci, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne. A 2002, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ta zauna a Makka ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da gwajin don kore nasabar da ta riga ta tabbata ba.

Sai kuma batun sirri. A 2023 masu kutse sun kwashe bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe na Amurka, kuma a Maris 2025 kamfanin ya bayyana karyewar jarinsa. Wanda ya aika yawunsa waje, ya aika da wani ɓangare na sirrin 'ya'yansa da ƙannensa, ba tare da ya tambaye su ba.

Mutanen Ailan sun ci moriyar gwajin ne saboda suna da rubutacciyar nasaba da za su auna shi da ita. Mai son sanin asalin gidansu a Dawaki ko Kibiya, aikinsa na farko shi ne ya zauna da dattawan gidan, maza da mata, ya naɗi muryarsu a waya. Ya rubuta sunayen kakanni, garin da suka taso, sana'arsu, irin tsagarsu da abokan wasansu, tun masu riƙe da labarin suna raye.