Yadda Maharbi Ke Zama Burtu

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki da ƙoƙo a ka, wanda ke yini yana takawa cikin ciyawa yana tsintar ƙadangaru da fara. Barewa da gada sun saba da shi, ba sa gudunsa. Wannan sabo maharban ƙasar Hausa suka mayar dabara.

Maharbi kan sassaƙa kan tsuntsun da itace, ko ya yi amfani da na gaske, ya naɗe shi da fata, wani ma ya manna masa idon zakara don ado. Sai ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin mayafi, ya durƙusa. Sassaƙar ba ita ce wahalar ba, kwaikwayon tsuntsun ne. Sai yaro ya daɗe yana bin ubansa daji, yana kallon yadda burtu ke taku, ya tsaya, ya sunkuya kamar zai yi tsinto. Kuma dole iska ta riƙa bugo maharbi ta fuska, domin barewa na shaƙar warin mutum, ta arce.

Yau burtun kansa ya yi ƙaranci. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.