Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kuɗin Gwamnati da Shirin Tunkarar Cututtukan Ambaliya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan kuɗaɗen da hukuma ke warewa domin kare lafiyar jama'a yayin da yanayi ya tsananta. Za a taƙaita nazarin a kan ambaliya, domin ita ce annobar da ta fi ɗaiɗaita garuruwan Nijeriya a shekarun baya-bayan nan.

2.0 Dangantakar Ambaliya da Cuta

A shekarar 2012 ambaliya ta hallaka mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Haka kuma, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har da asibitin koyarwa na garin.

Sai dai ɓarnar ba ta ƙarewa da janyewar ruwa. Idan ruwa ya shafe masai, yakan kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyoyi, daga nan amai da gudawa su ɓarke. Kududdufan da ya bari su zama matattarar sauro. Cunkoso a makarantun da aka tsugunar da jama'a kuwa yakan sauƙaƙa yaɗuwar ƙyanda tsakanin yara.

3.0 Kafofin Samun Kuɗi

Akwai manyan kafofi guda uku. Ta farko ita ce Asusun Magance Matsalolin Muhalli, wanda aka kafa a 1981, ake kuma raba kuɗinsa tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ta biyu ita ce Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, take kuma samun kaso daga wancan asusu. Ta uku ita ce dokar lafiya ta 2014, wadda ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗi domin jinyar gaggawa.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa asusu ba shi ne aka rasa ba. Matsalar tana ga lokacin da kuɗin ke fita da kuma wurin da suke tsayawa. Kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumomin hasashen yanayi da na lura da koguna sukan bayyana yankunan da ke cikin haɗari. Amma akasari sai ruwa ya ci gari sannan a ga motocin shinkafa da katifu, ihu bayan hari.

Abubuwan da ke ceton rai kuwa ba su da tsada, matuƙar an tanade su tun da bazara: sinadarin tsarkake ruwa, da ƙunshin gishiri da sukari, da gidan sauro, da allurar rigakafi, da man kwalekwalen ɗaukar marasa lafiya. Ana kuma buƙatar ɗaga ginin ƙananan asibitoci da bakin rijiyoyin burtsatse sama da inda ruwa ke kaiwa, da horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, tare da sa masu unguwanni da limamai cikin aikin faɗakarwa. Yaron da gudawa ta kama yana iya rasuwa cikin sa'o'i kaɗan, ba zai jira takarda ta je Abuja ta dawo ba.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, ya kamata a ɗaure sakin kuɗi da hasashen damina: da zarar an ambaci ƙaramar hukuma cikin masu fuskantar haɗari, a tura mata kasonta kafin ruwan farko, a kuma bayyana adadin a rediyo da harshen da jama'ar wurin ke ji, domin su san abin da za su tambaya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.