Motar Iyali Mai Tambarin Sport: Taushin Tafiya, Gyaran Ƙafa Da Darajarta A Kasuwa

Kamfanonin ƙera motoci sukan fitar da mota guda aji-aji, kowane aji da irin mai sayen da aka nufa da shi. Toyota Camry da ake harhaɗawa a Georgetown ta jihar Kentaki a Amurka tana zuwa da LE da XLE, waɗanda aka yi domin mai son tafiya cikin natsuwa, sannan ga SE, wadda dillalai ke kira Sport. Honda ma, mai masana'anta a Marysville ta jihar Ohayo, ta shigo da ajin Accord Sport a samfurin 2013. Irin waɗannan motoci ne ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano bayan an more su a can, su gangaro Kano da Kaduna da Abuja. Da zarar dillali ya ga tambarin SE ko Sport a bayan mota sai kuɗi ya hau, kuma galibin masu saye suna biya ne bisa zaton inji mai ƙarfi suka saya.

Sau da yawa ba haka abin yake ba. Camry mai fulogi huɗu ta 2007 zuwa 2009, wadda ake wa laƙabi da Masul, injinta ɗaya ne ko LE ce ko SE: lita 2.4, ƙarfin doki 158. Accord Sport ta 2013 tana da ƙarfin doki 189, 'yar'uwarta LX tana da 185, ratar da direba ba zai taɓa ji a ƙafarsa ba. Ainihin bambancin yana ƙarƙashin mota. An sa wa Camry SE sifirin da shokabzoba masu tauri, an ɗan rage mata tsayi daga ƙasa, an ba ta manyan wili da taya mai gajeren gefe. A Camry SE ta 2007 zuwa 2011 har ƙarfe aka gitta a bayan kujerar baya domin bodin ya ƙara ƙarfi, shi ya sa kujerar ba ta kwanciya kamar ta LE. Magidancin da ya saba zura dogon kaya ta but ya kamata ya san da wannan tun kafin ya biya.

Abubuwa huɗu ne ke tsakanin fasinja da ramin hanya. Taya ce ke fara karɓar duka, iskar da ke cikinta ta shanye ƙananan tsakuwa da tsagar kwalta. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, yana lanƙwashewa idan an hau tudu ya miƙe idan an sauka. Da shi kaɗai ne, da mota ta yi ta lilo ba tsayawa, sai aka sa shokabzoba, wanda bututu ne mai ɗauke da mai, ana tilasta wa man ya bi ta ƙananan kafofi domin ya kashe lilon ya kuma riƙe taya a manne da ƙasa. Na huɗu su ne bushin, robobin da ke zaune a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe suna hana girgiza da ƙara shiga cikin mota. Idan aka taurara waɗannan, mota ta daina karkata a kwana, sitiyari ya riƙa amsawa nan take. Illar hakan ita ce duk dukan da ƙafa ta ƙi shanyewa, ƙugun fasinja ne zai shanye shi.

A cikin huɗun, taya ce aka fi raina wa, alhali ita ce ta fi tasiri a irin hanyoyin arewa. Lambobin da ke jikinta suna faɗin komai. Camry LE ta 2007 tana zuwa da 215/60R16: faɗin taya milimita 215, tsayin gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 129, a kan wili mai inci 16. SE ta wannan shekarar tana da 215/55R17, gefen ya koma milimita 118. SE mai fulogi shida ta 2012 tana da 225/45R18, kimanin milimita 101. Accord Sport ta 2016 kuwa wilinta inci 19 ne, tayarta 235/40R19, gefe milimita 94 kacal, alhali LX mai 205/65R16 tana da 133. Wannan ratar ta kusan santimita huɗu ita ce tazarar da ke tsakanin bakin rami da ƙarfen wili.

Idan mota mai gajeren gefen taya ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, robar takan matse tsakanin kwalta da wili. Zaren da ke cikin gefen ya tsinke, bayan kwana biyu a ga ƙulli ya ɓullo kamar ƙwai. Irin wannan taya ba ta faci, kuma tana iya fashewa kowane lokaci, musamman da rana tsaka a watannin Maris da Afrilu lokacin da kwalta ke ɗaukar zafi. Wilin alminiyom kuma ko ya lanƙwashe ko ya tsage, daga nan iska ta fara zurarewa a hankali, sitiyari ya kama rawa idan an kai gudun kilomita 90 ko 100. Ga kuma tudun rage gudu da unguwanni ke ginawa yadda suka ga dama, wanda mota mai ƙasa-ƙasa ɗauke da mutum biyar ba ta haye shi sai ta goga ciki, wani lokaci har kaskon man inji ya fashe. Duk da haka, a ba kowa haƙƙinsa: a kan kwalta mai kyau, idan ta kama a kauce wa dabba ko babur ba shiri, SE ta fi LE tsayawa da ƙafarta, kuma direban da ke yawan doguwar tafiya zai ji wannan bambanci.

Sai dai yawancin bugun da ake ɗora wa ajin Sport ba daga ƙira yake ba, daga tsufa yake. Agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka motar da ke nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000. Masu ƙera shokabzoba suna ba da shawarar a duba shi tun daga wajen kilomita 80,000, ga shi kuwa motoci da yawa suna isowa da wanda suka fito da shi daga masana'anta. Alamomin mutuwarsa ba ɓoyayyu ba ne: mai yana tsiyaya a jikinsa, gaban mota yana dunƙufawa idan an taka birki, tana ci gaba da lilo bayan an wuce tudu, taya tana cinyewa tudu-da-kwari. Ƙwanƙwasa a kan gargada kuwa galibi daga bushin ne ko daga 'yan sandunan da ke riƙe da ƙarfen hana karkata, kuma waɗannan ba su da tsada.

Akwai kuma iska. Masu faci da yawa a bakin hanya sukan ɗura iska har ma'auni ya nuna 45 ko 50 a kowace taya, wasu ma ba sa aunawa, bugun taya da ƙarfe kawai suke yi su saurara. Adadin da kamfani ya tsara yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma ga irin waɗannan motoci yana tsakanin 30 da 35. Taya mai gajeren gefe da aka cika fiye da ƙima ta zama dutse. Mutum zai iya kashe dubban nairori yana canza kayan ƙafa alhali maganin matsalarsa rage iska ne, a auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Masu Accord ta 2003 zuwa 2012 suna da wani abin lura na daban. Ƙafar gabanta mai hannu biyu ce, sama da ƙasa, kuma nauyin mota yana bi ne ta boljoyin na ƙasa. Idan robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, ƙura da ruwa suka shiga, sai ya ci kansa har ya zare, a ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi tayar gaba ta kwanta. Yakan yi gargaɗi kafin nan, da ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa idan ana murɗa sitiyari. Daga samfurin 2013 Honda ta sauya tsarin ƙafar gaba zuwa irin na MacPherson wanda Camry ta daɗe tana amfani da shi. Duk mai tsohon samfurin ya sa a riƙa ɗaga motar ana girgiza tayar a kai a kai, kuma kada ya yarda da boljoyin na jabu komai arharsa.

Maganar inganta ƙafa tana farawa ne da mayar da ita yadda kamfani ya yi ta. Shokabzoba sabo daga sanannun masu ƙerawa irin su KYB da Monroe da Sachs ya fi wanda aka cire daga wata mota, domin na hannu ba a san tafiyar da ya sha ba, kuma matsa shi da hannu a shago ba ya nuna yadda zai yi a ƙarƙashin mota mai nauyin tan ɗaya da rabi. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas akwai na gaske akwai na kwaikwayo a cikin kwali iri ɗaya, don haka lambar kaya da amanar mai shago sun fi launin kwali muhimmanci. Ana canza shi ne biyu-biyu, hagu da dama. Huda tsohon shokabzoba a ɗura masa mai a toshe da walda ɓarnar kuɗi ce, domin abin da ya mutu a ciki bawul ne da roba, ba mai kaɗai ba. Haka cusa guntun taya tsakanin zoben sifirin: yana ɗaga mota na ɗan lokaci, ya hana sifirin aikinsa. Bakanike mai ilimi ba ya ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai an sauke mota nauyinta ya zauna a kan taya, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Bayan duk wani aikin ƙafa, alaimen wajibi ne.

Gyaran da ya fi kawo sauƙi ga mai SE shi ne wanda matasa ba sa so: komawa ƙaramin wili. Tsayin 215/55R17 gaba ɗaya kimanin milimita 668 ne, na 215/60R16 kuma 664, don haka agogon gudu ba zai ruɗe ba, tsayin mota bai canza ba, amma an sami ƙarin roba da iska. Taya mai inci 16 ta fi arha kuma ta fi samuwa a ƙananan garuruwa. Sharaɗi ɗaya ne, a gwada a tabbatar wilin bai taɓa birki ba, saboda wasu samfuran Sport birkinsu na gaba ya fi girma. A duba kuma lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT a gefen taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi, kuma tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su.

Sifirin rage tsayi, wanda ke saukar da mota da santimita uku zuwa huɗu, da shokabzoba mai zare da ake murɗawa a daidaita tsayi, an yi su ne domin ƙasashen da kwaltarsu ke shimfiɗe. A nan sakamakonsu fasasshiyar bamba ne, da salansa mai gogar ƙasa, da taya mai cinyewa ta ciki. Ɗaga mota da zoben roba ko na ƙarfe ya fi ma'ana ga mai shiga unguwa marar kwalta da damina, amma idan ya wuce santimita biyu zuwa uku sai shaf ya karkace ya riƙa yaga robarsa, shokabzoba ya riƙa ƙurewa, mota kuma ta ƙara karkata a kwana, wato an zubar da abin da aka biya kuɗin SE dominsa. Babu kuma gyaran da zai ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Takardar nan ta ginshiƙin ƙofa ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, wanda ga Camry bai wuce kilo 400 da 'yan kai ba. Manya biyar da buhun masara mai kilo 100 sun riga sun haura shi.

A wajen sayarwa, kuɗin da aka zuba a manyan wili da saukar da mota ba ya dawowa. Mai saye na biyu yakan ɗauki motar da aka sauya wa ƙafa a matsayin wadda yaro ya yi wasa da ita, ya nemi ragi. Tambarin SE kansa yana riƙe daraja, shi ya sa ake samun LE da aka sanya wa bamba da giril da tambarin SE a gareji. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ita ce ke tona asirin ajin mota, kuma da ita ake binciken ko ta fito daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya. Motar da ta zauna a arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, sai an leƙa ƙarƙashinta, domin tsatsa na cin mazaunin sifirin da hannuwan ƙafa.

Gwajin da dillali ke so shi ne zagaye ɗaya a kan kwalta mai santsi, rediyo a kunne. Wanda zai nuna gaskiya shi ne a kashe rediyo, a sa mutum uku a baya, a bi hanya mai gargada, a hau tudun rage gudu, sannan a ɗaga motar a gareji bakanike ya duba. Ga magidancin da yawancin zirga-zirgarsa ta cikin gari ce da hanyoyin ƙauye, LE ko XLE mai lafiyayyar ƙafa ta fi SE da ta gaji, kuma ana iya sa rarar kuɗin a sayen sababbin tayoyi.