Lissafin Maki da Burin Magoya Bayan Katsina United

Duk ranar da Katsina United ta ci wasa a filin Muhammadu Dikko, kafin la'asar sakaliya ta koma magariba labari ya iso Mashi, ya zarce Daura. A teburin mai shayi sai ka ji wani ya ce, "Bana dai sai Afirka!" Bayan mako ɗaya, in an je Kudu an sha kashi, bakin nan da ya yi kirari shi zai ce, "Ai yaran nan faɗuwa za su yi." Maganganun biyu duk zuciya ce ta faɗe su. Ita kuwa gasar da lissafi take tafiya, lissafin kuma ba mai wuya ba ne in an bi shi a hankali.

Gasar Firimiya ta Najeriya, wato NPFL, ƙungiyoyi 20 ne. Kowace za ta kara da sauran 19 sau biyu, gida da waje, wasanni 38 ke nan. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, wanda aka doke ya tafi hannu rabbana. In maki ya zo ɗaya sai a duba ƙwallayen da ƙungiya ta zura, a cire waɗanda aka zura mata. Ta ɗaya da ta biyu su tafi gasar Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci kofin ƙalubale su tafi gasar Confederation, huɗun ƙarshe kuma su gangara rukuni na biyu, NNL. To, "sai Afirka" da ake faɗa a majalisa, ma'anarsa ƙarewa cikin ukun farko ko ɗaukar kofin ƙalubale.

Yanzu ɗauki biro. A ce Katsina United ta cinye duk wasanninta 19 na gida, ba ta yi canjaras ko ɗaya ba. Maki 57 ke nan. Rivers United da ta ɗauki kofi a kakar 2021/22 maki 77 ta tara. Rangers ta Inugu ta ɗauka a 2023/24 da maki 70. Ko da filin gida ya zama kabarin kowane baƙo, akwai giɓin maki goma sha uku zuwa ashirin da ba inda za a samo su sai a gidan wasu. Kuma babu ƙungiyar da ke cinye na gida duka. Sai an samu ranar da baƙo ya tare raga ya tafi da maki ɗaya, kai kuma ka yi asarar biyu. Kowane canjaras a gida bashi ne, a waje ake biyansa.

A nan gasarmu ta sha bamban da ta Ingila da ake kallo a gidajen kallo na Mashi. Can an daɗe ana cewa wanda ya haɗa maki 40 ya tsira. Nan kuwa ana faɗuwa da maki arba'in da ɗoriya. Dalili shi ne kusan kowa zaki ne a gidansa. In ƙungiyoyi ashirin duk suna cin yawancin wasannin gida suna zubar da na waje, teburin sai ya cure wuri ɗaya, ta bakwai da ta goma sha bakwai tazararsu ba ta wuce wasa biyu ko uku ba. Shi ya sa mai cewa "sai Afirka" da mai cewa "faɗuwa za su yi" za su iya duba teburi ɗaya a waya ɗaya, kowa ya ga hujjarsa.

Me ya sa wasan waje ya zama haka? Abu na farko hanya. Daga Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo ko Aba tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma galibi a bas ake yinta. Ɗan wasan da ya wuni ya kwana a kujerar mota, ƙafa ta kumbura, ya sauka a garin da ruwa bai ɗauke ba shi da ya baro hunturu, ba za ka sa ran ya yi gudun minti 90 kamar mai gida ba. In jadawali ya matse aka sa wasa a tsakiyar mako, abin ya ƙara muni. Sai filin da ba a saba da shi ba, wani ciyawar roba, wani ta gaske mai rami. Sai kuma maganar da ba a son faɗa da ƙarfi: alƙalin wasa mutum ne, in dubban mutane suka zagaye shi suna ihu, tsaro kuma ba shi da yawa, busa fenariti a kan masu gida sai mai ƙarfin hali. Mu kan ga wannan sarai in an yi mana a waje. In a Katsina ne muka amfana, sai mu ce alƙali ya yi adalci.

Akwai kuma makin da ake asara ba a cikin fili ba. A watan Afrilun 2022 an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar 'yan Katsina. Hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma zaftare mata maki uku. A ƙarshen wannan kakar Pillars, mai kofin gasa huɗu, ta faɗi. Katsina United ma ta faɗi, tare da Heartland da MFM. Ɗan kallon da ya jefa dutse yana ganin kishin ƙungiya yake yi, alhali wasa guda ya ɗauka ya miƙa wa abokan hamayya, in ma ba a kori ƙungiyar daga filinta ta koma buga wasan gida a wani gari ba.

Duk wannan lissafin na gasar da ake bugawa a miƙe ne, mako 38, mai maki mafi yawa ya ɗauka. Akwai wani tsarin, wanda ake tara na gaba-gaba a ƙarshe su sake karawa, kuma irin burin da yake haifarwa daban ne. Amurkawa ne gwanayensa. A babbar gasarsu ta ƙwallon besbol ƙungiyoyi 30 ne, kowace na buga wasanni 162 a kaka, babu mai faɗuwa rukuni na ƙasa, kuma tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen ƙarshe. Saboda haka mai goyon baya can ba ya damuwa da zama na ɗaya. Shi dai a samu a kutsa. A 2001 Seattle Mariners ta ci wasanni 116 amma ba ta kai wasan ƙarshe ba. A 2023 Arizona Diamondbacks da nasara 84 kacal ta kai.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2023 an gajarta gasar, aka raba ƙungiyoyi gida biyu, goma-goma, uku-ukun farko suka haɗu a Legas don abin da ake kira Super Six. Bendel Insurance ta gama zagayen rukuni ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma da aka isa Legas sai aka share allo, kowa ya fara daga sifili, Enyimba ta koci Finidi George ta tafi da kofin, na tara a tarihinta. A irin wannan tsari wahalar wata biyar ana iya rushe ta a mako biyu: mai tsaron raga ya ji rauni, a ba ɗan baya jan kati, shi ke nan. Amma kada mu yi saurin kushe shi, don ta wannan ƙofar Katsina United ta dawo. A shekarar ce aka tara ƙungiyoyi takwas na rukuni na biyu a Asaba, huɗu suka hau: Heartland, Kano Pillars, Sporting Lagos da Katsina United. Ni dai a ganina gasa a miƙe ta fi gaskiya wajen nuna wa ya fi, ɗaya tsarin kuma ya fi tausayin talaka, don yana ba ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi damar yin abin mamaki in ranarta ta zo.

Irin wannan damar tana nan har yanzu a kofin ƙalubale, inda ake sili-ɗaya-ƙwale. Dattawan da suka bi ƙwallo a shekarun 1990 sun san Katsina United ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, duka ukun kuma kofin ya kuɓuce. Wannan hanya ce gajera zuwa Afirka; wasanni kaɗan ne, ba ta buƙatar tara maki 70.

To, mai son sanin inda kaka ta dosa, me zai duba? Ba sakamakon Lahadin da ta wuce ba. Ya jira a kammala zagayen farko, wasa 19, ya raba makin gida biyu: nawa aka samu a Katsina, nawa aka ɗebo a waje. In na waje bai kai biyar ba, a bar zancen Afirka, a koma lissafin tsira. Sannan ya duba wasannin da suka rage, nawa ne a gida, kuma da wa. Karawa da ƙungiyar da ke kusa da kai a teburi ta fi sauran nauyi, don ukun da ka ci ukun da ka hana ta ne. Ya kuma sa ido a kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar kaka, wa ya tafi, wa ya zo. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, har da Katsina United, don haka fitar kuɗin albashi da alawus a kan lokaci yana daga cikin abin da ke bayyana a teburi. Remo Stars, wadda mai ita ɗan kasuwa ne, ita ta ɗauki kofin 2024/25.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ji an tashi babu ci a Aba ko Fatakwal, kada ka yi tsaki ka ce yaran ba su yi komai ba. Wannan maki ɗayan ya fi ci uku da nema a kan ƙungiyar ƙasan teburi wahalar samu. In kuma ka hau mota daga Mashi ka je filin Muhammadu Dikko, ka yi ihunka iya ƙarfinka, amma ka bar alƙali da baƙi su fita lafiya.